Matakin Baba Injiniya

A sashen gyare-gyare na babban asibitin, kujerar da ta fi daɗewa ba ta lalace ba ita ce ta sakatariya, don mai ita ba ta zama a kai. Anti Sauri ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. A tsaye take shan shayi, a tsaye take amsa waya, in ma ta tsaya ɗin ƙafa ɗaya na karkaɗawa kamar mai taka keken ɗinki. Maigidanta tela ne, mutum mai sanyin hali. Yakan ce shekara ashirin da aurensu bai taɓa kai ƙarshen magana da kansa ba, kafin ya kai ta ƙarasa masa.

Tana da shekara goma sha tara ta shigo asibitin a matsayin masinja. Aikinta ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan: famfo ya fashe a ɗakin yara, ƙofa ta ɓalle a ɗakin magani, a rubuta, a sa hannu, a kai gaba. Wata rana babban injiniyan sashen, wanda ake kira Baba Injiniya, ya ci karo da ita a kan matakalar bene, tana tafe tana karanta fayil ɗin da aka aike ta da shi.

"Ke 'yar nan, wa ya ce ki karanta?"

"Ba kowa, Baba. Amma sun rubuta ɗaki na shida, alhali na tara ne ke yoyo. Na gani da idona."

Ya karɓi fayil ɗin ya wuce. Bayan mako biyu sai ga sunanta cikin waɗanda za a tura koyon kwamfuta. Shi ya yi ta sintiri a ofishin ma'aikata har aka mai da ita sakatariya, kuma ranar da mahaifinta ya rasu shi ya tsaya mata a kan komai. Tun daga nan ta daina ganinsa a matsayin shugaba kawai.

Baba Injiniya mutum ne mai taurin kai iri guda: ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. In ka rubuta masa cewa kwano ya tsage, zai naɗe ƙafar wando ya hau tsani, yana da shekara sittin da ɗoriya, leburori na ƙasa suna salati. In ya sauko ya sa hannu, to aikin ya zauna. In ya ce a'a, ko wa ka sani a sama sai dai ka yi haƙuri.

Abin da ke ƙona wa Anti Sauri rai shi ne takarda. Fayil ya kwana uku a ƙarƙashin jaridar wani, ko ya ɓace gaba ɗaya, a dawo ana tambayarta kamar ita ta cinye shi. Saboda haka da Darakta ya kawo manhajar da za a riƙa shigar da buƙatun aiki, ita ta fara ɗaga hannu, tun bai rufe baki ba. Mako uku ta yi tare da mutumin kamfanin da ya zo koya musu, suna tsara hanyar da kowace buƙata za ta bi. Mai buƙata ya cike fom ya haɗa da hoto. Shugaban sashensa ya duba ya tura. Daga nan buƙatar ta isa wurin Baba Injiniya, in ya amince ta hau wurin Darakta, sannan ma'ajiyar kaya ta saki siminti ko bututu. Kowane mataki da kwanakinsa, wanda ya riƙe buƙata fiye da ƙa'ida sunansa ya koma ja, kowa na gani. Wannan jan ya yi mata daɗi ƙwarai.

A kowane mataki akwai gurbin da ake sa mataimaki, wanda buƙata za ta tsallaka wurinsa in mai matakin ya yi shiru. Ta cike na kowa, har na Darakta. Da aka zo kan na Baba Injiniya sai ta wuce.

"Anti, kin bar nan ba kowa," in ji mutumin kamfani. "In ya yi tafiya fa?"

"Baba ba ya tafiya."

"In bai da lafiya?"

"Ka ga malam, mu je gaba."

Gaskiyar magana, ba mantuwa ba ce. Kunya ce. Ta ga in ta rubuta sunan wani a ƙarƙashin nasa, kamar ta ce masa ana iya yi ba da shi ba, kuma bakinta ba zai iya faɗin haka ba, balle yatsanta.

Wata takwas abu na tafiya sumul. Sai wata safiya Baba Injiniya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, ya kasa tashi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama hannun dama da ƙafar dama, ta karkatar da baki. Aka yi jinya, aka sallame shi ya koma gida. Buƙatu kuwa ba su san an yi ba. Suna ta zuwa, suna hawa mataki na ɗaya da na biyu, su zo na uku su yi cirko-cirko. A mako na shida sun kai arba'in da ɗaya, shafin ya yi ja wur.

Sista Babba ta ɗakin haihuwa ba ta aiko kowa ba, da ƙafarta ta zo.

"Anti, zo ki gani, don kar a ce na faye mita."

Bokiti uku ne a tsakiyar ɗakin, silin ya kumbura ya yi baƙi, an ja gadaje biyu an matse su a lungu. Wata mai jego na zaune da jaririnta a kafaɗa tana kallon sama.

"Ruwa biyu aka yi," in ji Sista Babba. "Na uku in ya zo, silin ɗin nan a kan wa zai sauka?"

Anti Sauri ta ruga ma'ajiyar kaya ta ce su ba da kwano a bisa amana. Suka ce ba su da ikon sakin ko ƙusa ɗaya sai manhaja ta nuna kore, kuma ai ita ta tsara haka. Ta rubuta takarda da hannu ta kai wa Darakta, ya ture ta gefe.

"Ni na hana takarda a gidan nan, ba zan dawo da ita ba. Ga Dogo nan, injiniya ne shi ma, zaune yake yana jira. Ki cire Baba ki sa shi. Aikin minti nawa ne?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"To na ba ki zuwa Alhamis."

Minti ɗayan nan ya cinye mata kwana uku. Ta gano cewa duk wanda aka cire, ko aka sa wani a gurbinsa, manhajar na aika masa saƙo a waya nan take. Ta kira mutumin kamfani ta roƙe shi ya kashe saƙon. Ya ce ba ya kasuwa, da gangan aka yi shi don kar a tuɓe mutum a ɓoye. Sai ta buɗe shafin, ta kai yatsa, ta rufe. Ta zagaya baranda, ta leƙa sama ta ga hadari, ta dawo ta sake buɗewa. Tsoro biyu ke cin ta: silin ya faɗo a kan jariri saboda kunyarta, ko kuwa mutumin da ya ɗauko ta daga matakala ya ji daga bakin na'ura cewa an gama da shi.

Ranar Laraba da safe maigidanta na zare zare daga bakin allura ya ce, "Ni a ganina, ba dannawar ce ke damun ki ba. Da za ki je ki..."

"Na sani."

"Ki gaya masa da..."

"Na ce na sani!"

Da la'asar ta saka kwamfuta a jaka ta tafi gidan Baba. Matar Baba, wadda kowa ke kira Mama, ta tare ta a ƙofa ta riƙe mata hannu.

"'Yata, kin ɓuya. Shigo, yana falo."

Yana zaune a kujera kusa da taga, sanye da rigar aiki mai aljihu biyu, biro a soke, ƙafafunsa cikin baƙaƙen takalman nan masu igiya, an goge su suna ƙyalli. Wayarsa na kan cinya. Mama ta rage murya ta ce kullum sai an shirya shi haka tun da safe. In wayar ta yi ƙara sai ta karanta masa buƙatar daga farko har ƙarshe, ta nuna masa hoton. Sau nawa tana ce masa ya bari ta danna masa amincewa a huta, sai ya girgiza kai ya ce bai gani ba.

Anti Sauri ta durƙusa ta gaishe shi. Duk maganar da ta tsara a hanya ta gudu. Ta tambayi jiki, ta tambayi magani, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi. Shi kuwa jakar yake kallo.

"'Yar nan." Maganar na fita da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. "Wa... za ki sa?"

Hawaye suka zubo mata. "Baba, laifina ne. Da tun farko na..."

Ya ɗaga hannun hagu ya katse ta.

"Wa?"

"Dogo."

"Ya iya. Rago ne... amma ya iya. Ki ce... ya hau. Kar ya... yarda da hoto."

Ta buɗe kwamfutar a kan gwiwarta, ta juya ta yadda zai gani. Ta goge sunansa, ta rubuta na Dogo, ta cike gurbin mataimaki da sunan wani injiniyan. Ta danna. Buƙatu arba'in da ɗaya suka bar shafinsa lokaci guda.

Wayar ta yi ƙara a cinyarsa. Mama ta ɗauka kamar yadda ta saba, ta fara, "Ana sanar da kai cewa..." sai ta tsaya, ta dubi Anti Sauri.

"Karanta," in ji shi.

"Ana sanar da kai cewa an cire ka daga jerin masu amincewa. Buƙatun da ke jiran ka: babu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi taga na ɗan lokaci, sannan ya dubi ƙafafunsa.

"Ku cire min... takalman nan," ya ce. "Sun matse ni."

Mama ta yunƙura, amma Anti Sauri ta riga ta. Ta ajiye kwamfutar a ƙasa, ta sunkuya, ta fara kwance igiyar.