Salansa da Madarar Malam Jibo

Ranar da Malam Jibo ya turo mini motonsa, wato babur, yana huci, har gobe ba ta bar raina ba. Wata Laraba ce cikin damina, shekarata biyu da samun 'yanci. Ga wanda bai san aikin fita ba, wato kanikanci, sai ka yi shekaru kana koyo, maigidanka ya sallame ka gaban shaidu, sannan a fara kiranka masta. Ni a zauren gidanmu na unguwar Buokrom na buɗe nawa wurin, kaina kuwa ya kumbura kamar ni na ƙera moto.

Malam Jibo makiyayi ne. Kullum da safe yakan ɗauko madara galan biyu daga rugarsu a bayan gari, ya kai wa Hajiya Adiza mai wagashi, wato cuku, a kasuwar Race Course. Hanyar duk ramuka ce, bayan moton na dukan taya. Shi ne ya fara kawo mini shi gyara.

Ban tambaye shi komai ba. Na sa masa sifirin mai tauri a shok ɗin baya, irin wanda nake sa wa masu dakon doya. Sannan don in burge shi, na yanke salansar na ɗaga bakinta sama, yadda samarin Zongo ke so, tana ƙara har layi na uku. Bayan kwana huɗu, ran Larabar nan, sai ga shi.

"Masta, ka kashe ni!" in ji shi. "Shanu na jin moton nan sai su watse. Madara kuma kafin in kai ya yi tsami. Hajiya ta ce in ya sake ɓaci ran Juma'a, za ta nemi wani."

Na buɗe baki zan musa, sai na ga idonsa. Hajiya ce kaɗai mai sayen madararsa, da ita yake ci da gida.

Na ce ya ɗaura galan ɗin yadda ya saba, amma da ruwa. Na hau na bi hanyar ramuka na dawo. Ruwan ya sha jijjiga, wannan na sani. Amma da na taɓa galan na dama, sai na ji shi da zafi kamar ruwan wankan jego. Bakin salansar da na ɗaga, a ƙarƙashinsa yake hura wuta. Wallahi na ji kunya, har na kasa kallon mutumin.

"Malam, laifina ne," na ce. "Ka bar mini shi zuwa gobe da la'asar. In bai gyaru ba, kada ka ƙara ce mini masta."

Na sallami sauran ayyuka. Na kwance shok, na mayar da sifirin mai taushi, na zuba mai mai kauri don ya riƙa lotsawa a hankali. Salansa na sauke ta ƙasa, na karkata bakinta baya, na cusa bututu mai huda a ciki don ya shanye ƙara, na sa faranti tsakaninta da galan. Awona kwano ne cike da ruwa, ɗaure a kujerar baya. Karo na farko rabi ya zube. Na sake kwancewa. Sai a karo na huɗu ruwan ya dawo kusan yadda ya tafi, galan kuma da sanyinsa.

Ran Juma'a na bi shi rugar da kaina. Muka shiga da moto har gaban shanu, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. A Race Course Hajiya ta ɗebi madarar a ludayi, ta shinshina, ta kurɓa.

"Yoo," ta ce. "Juye a tukunya." Sai ta dube ni. "Kai ne fitan da ya so ya dafa mini madara a hanya? Ɗana, dahuwa aikina ne."

Malam Jibo ya yi dariya har da hawaye.

Shi ya sa, ku masu koyo, kuke jin ina tsare mutum da tambaya kafin in ɗauki sifana: me kake ɗauka, wace hanya kake bi, wa ke jiranka? Ni sai da na kusa raba bawan Allah da abincinsa kafin na koyi yin tambayar nan.