Sunan da Baba Bai Kira Ba

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, shekarar da na shiga aji uku na firamare, wata Hajiya 'yar garinmu ta shigo gidanmu na Ƙiblatain da kaset a ƙulle a bakin mayafi. Ina tsakar gida ina tsince dabino a faranti. Ta miƙa wa Gwaggo Hajara, ta ce waƙar ƙanin Gwaggon ce, wato mahaifina, wanda ya ba ta riƙona tun ina shekara biyu ta taho da ni Madina. Waƙar godiya ce da ya yi da abokansa manoma, masu gurmi da kalangu. A cewar Hajiyar, mako bayan mako ita ce kan gaba a shirin gaishe-gaishe na rediyo, ba motar hayar da ba a sa ta. Gwaggo ta kakkaɓe ƙurar rikoda ta danna, na ji muryar ubana a karo na farko da wayona.

Ya gode wa Allah, ya gode wa ruwan bazara. Daga nan ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: maƙerin da ya gyara masa garma, direban da ke kai su biki, har da mai furar bakin kasuwa. Can wajen ƙarshe ya ce, "Na gode Hajara ta Madina, mai riƙe min amana." Kiɗa ya tsaya. Ni Habibu, ɗansa na fari, ban ji sunana ba.

Abin ya tsaya min a rai, domin a unguwarmu da sunan ɗan fari ake kiran uba. Mai gasa burodin tamis da nake bin layinsa kowace safiya Abu Khalid ne, direban motar makarantarmu Abu Fahad. Yaran da muke buga ƙwallo da su a lungu, da takalmanmu a matsayin raga, kowa na jin sunansa manne da na ubansa sau goma a yini. Na riƙa hawa saman soro da rikodar bayan na zuba wa tantabaru hatsi, ina mayar da kaset baya da biro, wai ko na tsallake wurin. Na haddace waƙar tas alhali Hausata ba ta kai ta kawo ba. Lokacin aikin Hajji, in na raka Gwaggo kai tuwo masaukin alhazai, sai in ji ana rera ta a matakala, in sunkuyar da kai in wuce. Ban taɓa ce wa kowa ubana ne ba, kuma ban tambayi Gwaggo komai ba. Fushi nake yi, ga taurin kai.

Da Baba ya fara bugo waya gidan maƙwabta, sai in amsa masa da Larabci, kalma biyu, in miƙa wa Gwaggo. Sau biyu yana aikowa a kai ni hutu, ina cewa ina da karatu.

Ina aji biyu na sakandare ya rasu. Bayan 'yan ta'aziyya sun watse na gaya wa Gwaggo abin da na daɗe ina riƙewa, cewa mutumin da ya tuna da mai fura bai tuna da ni ba. Sai ta ce a garinmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, kunya ce, ko a ɗaka balle a rediyo.

"To, amanar da ya ce ina riƙe masa, akuya ka zaci ya ba ni?"

Yanzu gonakin dabinon bayan gidanmu sun zama benaye, waƙar kuma tana cikin wayata, ba sai na nemi biro ba. A wurin aiki Abu Yusuf ake kirana, ina amsawa. Amma in na sa waƙar a mota ta kusa kaiwa kan Hajara ta Madina, nakan rage gudu. Ya kira ni iyakar yadda bakinsa zai iya, ni ne ban amsa ba.