Randa a Bakin Ƙofa

Sunana na yanka Sa'adatu, amma in ka shiga Didawure ka tambayi Sa'adatu za a nuna maka mata da yawa, babu ni a cikinsu. Barmini ake kira na. Uwata ta binne 'ya'ya uku kafin ni. Da na zo, sai kakata, Kaka Ladi, ta huda mini kunne ɗaya, ta ce a riƙa kira na da roƙo, ko Allah ya bar musu ni. Ya kuwa bar musu. Ga ni nan har haƙora sun fara zubewa.

Gidanmu a unguwar Didawure, cikin garin Sokode, gidan mahauta ne. Ran Babbar Sallah mazan gidan ba sa zama. Ana saukowa daga Idi kowa zai ɗauki wuƙaƙensa ya bi gida-gida yana yi wa mutane fiɗa, namu ragon sai la'asar ake waiwayarsa. Saboda haka suyarmu kullum ita ce ta ƙarshe a unguwa. Bayan isha'i za ka tarar da mu a tsakar gida, babbar tukunya a kan murhu, kitse yana ƙara, Kaka Ladi a kan 'yar kujerarta da dogon cokalin ƙarfe. Cokalin nan aiki biyu yake yi: yana juya nama, yana kuma sauka a bayan hannun duk yaron da ya miƙo shi kafin lokaci. Nawa hannun ya san shi sarai.

Tsamen farko ba na masu rai ba ne. Kaka takan shimfiɗa ganyaye masu faɗi a kan faifai, ta zuba nama kaɗan-kaɗan, tana ƙullewa tana kiran suna. Wannan na Isufu. Wannan na Mariyama. Wannan na wanda bai kai suna ba, Allah ya san sunansa. Kason 'yan gaba take ce masa, wato yaran gidan da suka riga mu tafiya. Da safe a kai wa masu ciki da masu jego na unguwa sadaka. Uwata takan juya baya in ana wannan ƙulli, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido. Ba wanda ya taɓa ce mata ƙarya take yi.

Sai an gama wannan Kaka za ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta zo ta zauna, Kaka."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na Gizo da na kura da waɗanda ta kwaso a Camba wajen dangin uwarta. Amma daren suya guda ɗaya take yi, kowace shekara ita ce, ba ta sakewa.

Wai akwai wani babban gida mai yawan yanka. Duk ran Sallah, in aiki ya kacame, sai wata baƙuwa mai farin zane ta yi sallama. Ba ta roƙon nama. Ruwa kawai take nema. Matan gida kuwa hannu duk maiƙo, wannan tana wanke hanji, waccan tana hura wuta, sai su ce mata, "Baiwar Allah, shiga ɗaka, randa tana nan." A ɗakin randar nan ne kuma mai jego take kwance da jaririnta. Baƙuwa ta shiga, ta fito tana gyara zane, ta yi godiya ta tafi. Kafin a sauke tukunya, sai a ji kuka daga ɗaka.

Bana haka, baɗi haka. Mutanen gida suka sa wa uwar suna mai wabi. Aka kai ta wajen masu magani, aka rataya mata layu har wuyanta ya yi nauyi.

A gidan akwai wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, ba a ma lissafa ta a rabon nama. Da wata Sallar ta zo, ga sabon jariri a ɗaka, sai ta tashi tun da asuba ta jawo randar nan da ƙyar, ta fito da ita bakin ƙofa, ta zauna kusa da ita da ludayi a hannu. Baƙuwa ta zo ta nemi ruwa. Tsohuwa ta ɗebo ta miƙa mata. Ta shanye ta ce bai ishe ta ba, bari ta shiga ciki. Tsohuwa ta ce ciki babu randa, ga ƙari. Ta sha, aka ƙara mata. Ta sha, aka ƙara mata.

A nan Kaka takan maƙale murya ta yi ta baƙuwa: "Iya, ba ki jin ƙanshi? Tashi ki karɓo naki kafin a cinye."

Sai ta lanƙwashe leɓe ta yi ta tsohuwa: "Ba ni da haƙori, 'yar nan. Ido gare ni."

Har rana ta faɗi tsohuwa ba ta motsa ba. Da baƙuwa ta ga babu hanya, sai ta sunkuyo ta ce mata, "Akwai ranar da ake aiko ni da suna. Ran nan ko kin kwanta a kan ƙofa zan wuce. Amma yau ba a aiko ni ba. Ƙofa na saba gani a buɗe." Ta juya ta tafi, ciki cike da ruwa, yana ƙulun-ƙulun har ta fita gari.

Wajen ƙulun-ƙulun ɗin nan muke jira. Kaka takan kama cikinta ta girgiza, mu yi ta dariya har wani ya faɗa kan wani. Sai ta ce, "Ƙurunƙus kan ragon bana. Wanda bai yi gyangyaɗi ba, kunnen nasa ne." A raba mana ƙararren kitse, kowa ya kwanta da maiƙo a baki.

Ina yarinya, dariyar kawai na ɗauka. Da na yi aure na binne nawa biyu, sai na tsani tatsuniyar. Na ce ashe zagi ne. Ni da ban runtsa ba, ni da nake sa kunne a ƙirjin yaro ina sauraron numfashinsa, wace ƙofa na bari a buɗe? A lokacin Kaka ta riga ta rasu, babu wanda zan tambaya. Na ci gaba da ƙulla kason 'yan gaba, na ƙara nawa biyu a kan faifai, amma tatsuniyar ban yi wa 'ya'yana ita ba ko sau ɗaya.

Ɗana Salisu ya gaji wuƙa, ya tafi Dapango ya kafa teburinsa a kasuwa. Matarsa Rakiya yarinya ce mai kunya, irin wadda in ka tambaye ta lafiya za ta ce lafiya lau ko da wuta ke cin zanenta. Cikinta na fari ya zube. Na biyu ya kai wata tara, aka haife shi ba rai. Matan zango, unguwar Hausawa, suka fara kallonta da gefen ido, na kuma san kalmar da suke faɗa in ta ba da baya. Da ta sami na uku, Sallah ta matso, cikin yana wata na takwas, sai na ɗaure kayana na hau mota. Salisu ya ce a waya, "Mma, hanyar da nisa, ga ƙafarki." Na ce ƙafar tawa ce.

Ran jajibere na ce ta zo in ƙunsa mata lalle, tunda ba ta iya sunkuyawa. Ta yi ta noƙewa, wai ina ita ina miƙa wa surukarta ƙafa. Na ce miƙo. Da na kama ƙafar, sai na ji ta kamar ƙullin da ya tashi. Na danna da babban yatsa, ramin ya zauna bai cike ba. Na dubi hannunta, zoben ya nutse cikin nama. Na dubi fuskarta da kyau, idanun sun ƙanƙance.

"Tun yaushe?"

"Ba komai, Mma. Tsayuwa ce."

"Awo fa?"

"Sun ce in koma wancan mako. Aikin Sallah ne ya yi yawa. Bayan Sallah zan je."

Na ƙunsa lallen, na kwanta a ɗakinta.

Da safe maza suka tafi Idi. Rakiya ta fito za ta ɗauraye kwanuka, na ga tana lalube da hannu kafin ta kama bokiti. Ta tsaya, ta dafe kai, ta dafe ƙarƙashin haƙarƙari. Na ce me kike gani? Ta ce, a hankali kamar mai laifi, "Tartsatsi, Mma. Kamar ana hura wuta a gabana." Alhali ko ashana ba a ƙyasta ba a gidan.

Salisu ya shigo da sauri, ko babbar rigarsa bai gama cirewa ba, wayarsa tana ta kuka. Gidaje suna jiransa, raguna a kwance. Duk shekara ba shi da rana kamar wannan, ni ma 'yar mahauta ce, na sani. Na ce masa matarka asibiti za ta, yanzu.

Ya ce, "Mma, yau? Yau Sallah. Ki bari in sallami mutane, da la'asar sai mu je. Rakiya, ko ba za ki iya jira ba?"

Ta ce, "Zan iya."

Jakar wuƙaƙensa tana nan a bakin ƙofa, ta buhu, ya wasa su tun jiya ya naɗe. Ban san lokacin da na taka ba. Na je na zauna a kanta, na miƙe ƙafafu.

"Mma! Wuƙaƙe ne a ciki!"

"Na sani. Ubanka ma a kan irinsu na same shi."

"Don Allah ki tashi, Alhaji yana jira na."

"Ragon Alhaji ya riga ya mutu, ba inda za shi. In kana son wuƙa, zo ka ɗaga uwarka."

Ya tsaya yana kallona, ya kalli matarsa. Ina jin sai a lokacin ya ga fuskarta, don tun da gari ya waye raguna ne a idonsa. Ya jefar da wayar a kan tabarma, ya fita da gudu. Maƙwabcinsu wani ɗan ƙabilar Bamoba ne daga garin Bombuwaka, mai taksi, ba ya Sallah, yana zaune yana wanke motarsa. Ya leƙo ya ce da Hausarsa ta koyo, "Matan Salisu ne? Kawo shi, kawo shi maza, Mma, ka zauna baya ka riƙe kanshi!"

Muna isa, sasfam ɗin da ke aiki ran nan, wato ungozomar asibiti, ta ɗaura mata abin awon tansiyo, na hawan jini, ta duba, ta sake dubawa, ta ƙwala wa wata kira. Daga nan ban ƙara gane komai ba sai gudu da Faransanci. Suka sa mata ruwa, suka yi mata allura, suka ce sai an yi aiki a ciro yaron, in ba haka ba jijjiga za ta kama ta, a rasa biyu. Salisu ya sa hannu a takarda. Muka zauna a benci, ƙanshin suyar gari yana shigowa ta taga. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi.

Wajen azahar sasfam ta fito ta ce, "Ina kaka?" Na miƙe. Ta ce, "Mace ce. Ƙarama ce ƙwarai, amma tana da baki. Uwar ma tana nan." Ta ce da an kai la'asar, da wani labari ake yi. Salisu ya durƙusa a kan siminti ya yi sujada, babbar rigar Sallah a ƙasa. Ni kuwa na rangaɗa guɗa a cikin asibitin nan, har wani mai gadi ya zo ya ce a yi hankali akwai marasa lafiya. Na ce masa na ji, na ƙara ɗaya.

Yarinyar ta yi kwanaki a kwalba, daga baya aka ɗaura ta a ƙirjin uwarta, fata da fata. In Rakiya ta gaji a ɗaura mini. Ba ta fi 'yar tsakuwar kaza nauyi ba, amma tana da riƙo. Ragonmu na shekarar nan maƙwabta ne suka soya shi, suka ƙona rabi, har yau ban gaya musu ba.

Da aka zo suna, wata tsohuwar zango ta ce a sa mata Ajuji, a huda kunne ɗaya, kada a ja ido. Na ce a'a. Ni na ɗauki sunan roƙo duk rayuwata, ya isa gidan nan. Ran Sallah ta zo, Tasalla za a kira ta, kunne biyu za a huda, da 'yan kunne masu kyau.

A bencin asibitin nan ne tatsuniyar Kaka ta dawo mini, na juya ta, na ga inda na yi mata mummunar fahimta. Ba da uwa take magana ba. Uwa tana ɗaka a kwance, jiki ba ƙarfi, kunya ta rufe mata baki. Da mu take, masu ƙafa, masu maiƙo a hannu, da muke cewa shiga ciki ba tare da mun ɗaga kai ba. Nawa biyun, da na Rakiya biyu, da na uwata, na bar wa Allah, wataƙila da suna aka aiko. Wannan ban da iko a kansa. Abin da aka ba tsohuwa shi ne ta jawo randa ta zauna.

Bana sun zo mini Sallah a Didawure. Bayan isha'i na shimfiɗa ganye a faifai, na ƙulla na Isufu, na Mariyama, na wanda bai kai suna ba, nawa biyu, na Rakiya biyu. Rakiya ba ta juya baya ba, ita ta riƙe mini zaren. Na duba faifan, bai ƙaru ba. Ina cikin ƙulla na ƙarshe sai ga wani ɗan hannu ya lallaɓo ta ƙarƙashin hammatata, ya damƙi tsokar hanta. Cokalin Kaka yana hannuna. Na ɗaga shi, na dubi mai hannun, Tasalla ce, haƙora huɗu a baki, maiƙo har kumatu. Na ajiye cokalin.

Na ɗora ta a cinya, na ce wa yaran gida, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."