Shekarar da Aka Cika Mini Garke da Shanun Aro

Na sayar da rabin shanuna a kasuwar Tunfafi makon da aka gama ɗaurin hatsi. Da hankalina na yi, ba wanda ya tilasta ni, kuma ba abin da ya same ni.

Damanar shekarar ta yanke da wuri. Hatsi ya yi daidai gwargwado, amma haki, ciyawar kiwo, bai tashi ba. Na hau tudun da ke bayan garinmu, can gefen Azarori, na dubi dajin da muke kiwo, na ga jar ƙasa da duwatsu a inda ya kamata ciyawa ta kai gwiwa. Shekara goma sha bakwai na yi ina ci-rani a Abijan kafin in dawo gida in kafa garke, kuma tun da na dawo na taɓa ganin bazarar da saniya ke kwanciya ta kasa tashi sai an kama wutsiya an ɗaga ta. Ban so in sake gani. Na dubi karan da na jibge a kan rumfa, da harawa, da ɗan abin da zan iya samu na angurya da dusa, na ga ba za su kai shanu arba'in ga ruwan farko ba. Ma'aikacin elebaji, ofishin kula da dabbobi, da ke zuwa yi mana allurar bisashe shi ma haka ya ce: gara in rage tun suna da nama a jiki. Na ware ashirin, masu ciki da masu nono da bijimi ɗaya, sauran na sa aka loda su a kamyo, babbar motar kaya. Na dawo gida raina fes, ina jin na yi dabara.

Kuskurena ɗaya, ban cire turakun da suka zama wofi ba. Garkena a bakin hanyar rijiya yake, duk macen da za ta ɗebo ruwa sai ta wuce ta nan. Kwana biyu tsakani maiɗakina ta dawo daga rijiya ta sauke tulu, ta tsaya tana dubana. Ta ce mata sun kewaye ta suna mata sannu, wata har ta karɓi guga ta ja mata ruwa. An ce wai wata cuta ce ta kama ni a ƙirji, zan tafi babban asibiti, shi ya sa na karya garke. Gaskiya ne ina tari a makon, ƙurar kasuwa ce ta shige ni. Wasu kuma suka ce ba ni ba ne, ɗana da ke Libiya ne ya shiga wani hali. Na yi dariya, na ce ta bar su, kwana uku za su samu wani zancen.

Washegari da hantsi sai ga baffana, wan mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar tsohona. Ya daɗe bai taka ƙafa zuwa garke ba saboda gwiwa. Ya zo da sandarsa, ya zauna a kan turmi, ya yi ta kallon turakun nan. Na gaishe shi, na kawo masa nono, bai sha ba.

"Ɗana, mi ya same ka da ba ka hwaɗa muna ba?"

Na ce masa lafiya lau nake. Na bayyana masa zancen haki, na kai shi gindin rumfa na nuna masa karan, na ce shanu ashirin ƙosassu sun fi arba'in da za a riƙa ɗagawa. Yana saurare yana gyaɗa kai, har na ɗauka ya gane. Da na gama sai ya dafa kafaɗata.

"Haka ubanka yake. Ko wuta na cin rigarshi, cewa yakai lahiya lau. Allah shi yi maka albarka."

Ya tafi yana share ido da bakin rawani. Nan na fara jin abin ba na dariya ba ne.

Wanda ya fara kawo saniya abokina ne, wani Bafillace da rugarsu ke gabas da mu, wanda muka yi ƙuruciya tare. Ya iso da karsana ja mai kyau, ya ɗaure ta a ɗaya daga cikin turakun, sannan ya zo ya gaishe ni kamar bai yi komai ba. Ya ce habbanaye ce. A wajenmu habbanaye aron saniya ne ga wanda garkensa ya karye: ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu ɗiyan su zama naka, sannan ka mayar da uwar. Ba a roƙonta, kuma ba a mayar da ita kafin lokaci, sai in kana so ka gaya wa mutum ba ka son zumuncinsa. Na ce masa, aboki, wallahi ban karye ba, ragewa na yi. Ya ce ya sani. Ya faɗi haka da irin muryar da ake lallashin majinyaci. Ya sha ruwa ya koma.

Ranar Juma'a liman ya yi magana bayan salla. Bai ambaci sunana ba, ya dai ce akwai ɗan'uwa a cikinmu da Allah ya jarraba, mai kunya ne, ba zai buɗe baki ba, kowa ya san abin da ya kamata. Sahu uku suka waiwayo suka dube ni. Da na tashi in yi magana, da an ce na ƙaryata liman a masallaci. Na zauna ina jin zufa na bin bayana.

Daga ranar garkena ya zama kamar mashaya. Wani ya zo da karsana, wani da tsohuwar saniya, wani da maraƙin da ba a daɗe da yaye ba. Wata ta zo da kaska cike da kunnuwa, sai da na kwana biyu ina cirewa. Wata kuwa harbi take yi, ranar farko ta zubar wa maiɗakina ƙwaryar nono. Kafin mako uku turaku goma sha bakwai sun cika. Na sayar da ƙosassu ashirin na samu ramammu goma sha bakwai, kuma karan da ke kan rumfa bai ƙaru da ko ɗaya ba.

Na tafi ƙofar maigari da la'asar, lokacin da dattawa ke zaune. Na gode musu, na yi godiya mai tsawo yadda ya kamata, sannan na roƙe su don Allah kowa ya zo ya kwance dabbarsa. Na sake bayanin haki tun daga farko. Har na tashi na yi tsalle a gabansu don su ga ƙarfina, ni da furfura a gemu. Maigari ya ce in zauna kada in wahalar da ƙirjina. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum ya sayar da saniya lafiyayya ba tare da dalili ba, sai dai aure, ko Makka, ko masifa, kuma ni ba aure zan yi ba, ba Makka za ni ba. Na ce dalilin shi ne bazara. Ya ce bazara kowace shekara tana zuwa. Aka yi mini addu'a aka shafa.

Sau ɗaya na gwada mayarwa da kaina. Akwai wata gwauruwa a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata saniya ɗaya tak, tsohuwa, haƙoranta sun cinye. Ita ma ta kawo. Na ga wannan kam zalunci ne in riƙe, na ja saniyar har ƙofar gidanta. Ta fito ta gan mu, ta zauna a dokin ƙofa ta fara kuka. Ta ce ta san tata ba ta kai ta masu hali ba, amma ba ta zaci zan nuna mata haka a gaban mutane ba. Na juyo da saniyar, mata na leƙe ta kan darnin kara. Maiɗakina ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta ajiye tuwo ta wuce.

A nan ne zuciyata ta ɓaci, na fara zargi. Na ce a raina wasu ba taimako ya kawo su ba, sun ga ba su da abin ba dabba ne, suka ga mai rumfar kara, suka sauke mini kaya. Har yau ina jin akwai biyu ko uku da haka ne, amma ba zan iya rantsuwa ba. Abin da na sani shi ne na zaɓi wanda bai dace ba na huce a kansa. Wani maƙwabcina ne mai gona kusa da tawa. Na tare shi a hanya na ce masa ya yi wayo, ya samu mai yi masa kiwon bazara kyauta. Ya dube ni ya wuce. Daga baya ƙanena ya gaya mini cewa mutumin nan yana da harawar da ta ishe shi, kuma karsanar da ya kawo ita ce ya ware wa ɗiyarsa da za a kai ɗaki, ya ce mata ta yi haƙuri sai baɗi. Na je gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya san ciwo na sa mutum faɗa.

Kara ya ƙare tun zafi bai kai tsakiya ba. Harawa ta bi. Na koma auna angurya da ƙoƙo, kowace saniya ɗan kaɗan, nawa da na aro duka, domin ba ka ba taka ka hana ta amana tana kallo. Shanuna da na ware don su yi ƙiba suka fara nuna haƙarƙari. Wata safiya na tarar da ɗaya daga cikin masu cikin a kwance, ta kasa tashi. Na kama wutsiya ni kaɗai ina ja, ina faɗin maganganun da ba zan rubuta ba.

Ban kira kowa ba, amma kafin rana ta take maza huɗu sun shigo da itace biyu, muka zura a ƙarƙashinta muka ɗaga. Da yamma amalanken jaki ya tsaya a bakin garke da kara, na maƙwabcin nan nawa ne. Washegari uku suka zo. Wasu daga kan rumfunansu suka sauke, wani ma darnin gidansa ya kwance rabi. Mata suka riƙa aiko da dusa da ƙasari, ruwan wankin hatsi, a bokiti a bokiti, har maiɗakina ta rasa inda za ta juye. Abokina Bafillace ya zo ya kora goma sha biyar masu sauran ƙarfi zuwa wani kwari wajen Keita inda gawo ya zubar da ƴaƴa, ya riƙe su can tare da nasa har ruwa ya sauka. Bai tambaye ni ba, ya dai ce in kwance masa su.

Ina karɓa ina godiya, kuma godiyar ta gaskiya ce. Amma duk damin karan da aka sauke sai in ji haushi, domin da an bar ni da ashirin ɗina, da ba wanda ya kwance darninsa. Na faɗa wa maiɗakina haka. Ta ce in yi shiru in ɗauki bokiti.

Uku muka rasa kafin ruwan farko. Biyu nawa, ɗaya ta gwauruwar nan. Na je ƙofarta in gaya mata. Ita ce ta riƙa ba ni baki, ta ce kwananta ne ya ƙare, kada in sa a rai ciwona ya tashi. Da kaka na kai mata karsana daga cikin nawa. Sai da na ce habbanaye ce kafin ta karɓa.

Sauran suna nan, wasu sun haihu, wasu ba su ko ɗauki ciki ba, kuma ba mai karɓar tasa sai ta haihu. A wajen sunan jikan baffana, bayan an raba goro, na ji shi yana ba baƙi labari: yadda ɗan ƙanensa ya faɗi warwas, ya ɓoye, gari ya tashi tsaye ya ɗaga shi, har Allah ya ba shi lafiya. Ya nuna ni da sanda ya ce su duba yadda na murmure. Na buɗe baki, ƙanena ya taka mini ƙafa.

Da aka watse wani baƙo daga Sabon Gida ya biyo ni har bakin garke. Ya ce shi ma shanunsa sun ragu bana, amma ba wanda ya kawo masa ko akuya, yana so in gaya masa yadda na yi har mutane suka tausaya mini haka. Na ce masa ya zo ya kama mini igiya, lokacin shayarwa ya yi, kuma mutum ɗaya ba ya iya kai su rijiya.