Numfashin Aro

Shekarun da muka zauna a Funtuwa, babu abin da ya ɗaure mini kai kamar ciwon maigidana, ciwon da ya san ranaku. A gidan gurzar auduga yake aiki, amma ba a kan inji ba. Shi mai kwasar shara ne. Duk dattin da inji ya zubar, burbushin auduga da ɓawo da ƙasa, su ke shiga ƙarƙashi da tsintsiya da buhu su kwaso. In ya dawo da yamma fari fat har gira, sai na tsayar da shi a ƙofar gida na kakkaɓe shi da tsohon zani kafin ya shigo mini ɗaki.

Ran Lahadi lafiyarsa lau. Zai tsaya a coci ya ja waƙa har na can baya su ji. Litinin kuwa sai ya dawo dafe da ƙirji, wai kamar an ɗaure shi da igiya. Zuwa Laraba ya sake shi. Wane irin ciwo ne wannan mai zuwa hutun Lahadi? Na zargi miyar da nake yi ran Lahadi, na canja. Na zargi burkutu, na dinga bin bakinsa da hanci, ban ji komai ba, sai faɗa da na jawo wa kaina. Uwar mijina ta zo daga Ƙarfi ta ce sammu ne, wani ke son aikinsa. Na ce, "Haba Inna, wa zai yi wa mutum asiri a kan shara?"

Ana nan, a wata kakar auduga, ba a daɗe da daina fam da sule ba, sai ga wasu likitoci daga Zariya, wai bincike suke a kan ƙurar wurin aiki. Sun zo da na'ura mai bututu. Mutum ya cika ƙirji ya hura da iyakar ƙarfinsa, wata allura ta ja layi. Ko ba a gaya wa ma'aikata dalili ba, ko an gaya musu ba su yarda ba, oho. Kafin la'asar magana ta zaga cewa duk wanda hurawarsa ta gaza sallamarsa za a yi.

Rannan maigida ko tuwo bai taɓa ba. Ƙanensa na wajenmu, ya kawo mana dawa daga ƙauye, ƙato ne, manomi. Ya ce, "Yaya, ni zan hura maka."

Na ce, "Kun haukace ne? Ai gane ku za a yi!"

Maigida ya ce, "Wa ke gane wani a can? Kowa fari ne."

Da safe suka sa wa ƙanen kayan aikin maigida, suka ɗaure masa hanci da tsumma, suka barbaɗa masa burbushin auduga. Ni kaina sai da na duba sau biyu. Da aka kira masu shara ya bi layi, abokan aikin suka rufa masa asiri.

Ya dawo yana taƙama, wai allura ta kusa tsallake takarda, har likita ya dafa masa kafaɗa. Sannan ƙanen ya ce, "Amma fa ya yi mini wata tambayar banza. Wai ƙirjina na ɗaurewa ran Litinin? Na ce ni duk ranaku ɗaya ne."

Sai da muciya ta faɗi daga hannuna. Ta yaya baƙo daga Zariya ya san zancen Litinin ɗin da ke cikin ɗakina? Na ce wa maigida ya tashi ya koma yanzu ya gaya masa. Ya dube ni ya ce, "In ce masa me? In ce wancan ba ni ba ne?" Muna ta wannan jayayya har likitocin suka kwashe kayansu suka tafi.

Bayan wasu makonni heluma, shugaban leburori, ya kira waɗanda hurawarsu ta gaza. Ba a kori ko mutum ɗaya ba. Waje aka mayar da su, wasu gadin ƙofa, wasu jera dilolin auduga a fili inda iska ke kaɗawa. Maigidana kuwa, mai ƙirjin ƙarfe, aka bar shi ƙarƙashin inji, har aka ƙara masa sharar waɗanda aka fitar.

A hankali ciwon ya daina zaɓen rana. Ya ci Talata, ya ci Laraba, daga baya ya cinye har Lahadin. A coci sai dai ya motsa leɓe. Wata nas a Malumfashi ta taɓa ce mini ƙurar audugar ce, wai in jiki ya huta ya dawo sai ta fi kama shi. Har yau ban gane yadda hutu ke ƙara ciwo ba. Kuma ban san wa zan yi fushi da shi ba, ƙanen ne, ko likitocin, ko wanda ya fara yaɗa zancen kora. Fushin dai yana nan.

Wata safiya, shekaru bayan nan, ƙanen ya sake kawo mana ziyara. 'Yar autarmu na kan cinyar babanta, koko ya yi zafi. Ya ɗaga ludayi, ya ja numfashi zai hura mata, tari ya sarƙe shi. Kokon ko motsi bai yi ba. Ya miƙa wa ƙanensa ludayin yana dariya.

Ya ce, "Karɓi, hura mata. Ai ka saba hura mini."