Kwamfutar Salamatu da Fuskar Mijinta

Duk matar da ke unguwarsu a Matameye ta san ƙofar ɗakin Salamatu. Ba kitso take yi ba, ba kuma ƙosai take soyawa ba. Kwamfuta gare ta, tsohuwa, baƙa, an ɗaure gefen murfinta da salatif, kuma da ita take zuba wa mata abin saurare a katin waya: karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙin biki. Ita ke kwashe musu saƙonnin murya na mazansu da 'ya'yansu da suka tafi cin rani, in waya ta cika ta ƙi karɓar sabo. Maza suna da masu yi musu wannan a bakin tasha. Mace kuwa ba za ta je ta tsaya cikin samari tana cewa a adana mata muryar mijinta ba, sai dai ta zo wajen Salamatu.

'Yar Kurni ce. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta taɓa kolej kafin aure, abin da ta tsira da shi kuwa shi ne ba ta tsoron rubutun Faransanci a kan allo. Mijinta Iliyasu ne ya kawo kwamfutar daga Legas, inda yake tallar caja da jakar waya duk rani. Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Amma Allah ya jarrabe shi da son kyauta. In ya ji an ce ga wata manhaja ana sauke ta ba ko sisi, to jikinsa har rawa yake sai ya ɗura ta.

Da damina in ya dawo gona ya yi wanka, sai ya miƙe ƙafa ya hau yi wa kwamfutar kwalliya. Wata shekara ya mai da kibiyar allon ƙadangare, Salamatu ta wuni tana neman ko da kai ake dannawa ko da wutsiya. Wata shekara ruwan sama ya riƙa zuba a allon har da tsawa, alhali garin ana fita roƙon ruwa. Akwai wadda ke sa wata Baturiya ta katse wa'azi ta faɗi ƙarfe nawa. A cikin tarin shirgin nan ɗaya ce tak ta yi mata rana, mai rage hasken allo, don ta raba ta da ciwon ido.

"Gratuwi ce fa, Salamatu, kyauta," in ji shi, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Ciwon kai ma ai gratuwi ne," in ji ta.

Ba ta tsayawa faɗa da shi. Jira take ya hau mota, ta zauna ta share su ɗaya bayan ɗaya.

Bana kuwa ya yi mata wadda ta fi ƙarfinta. Ana gama zuba gero a rumbu ya ɗauki jakarsa ya tafi. Da ta buɗe kwamfutar don ta yi sharar da ta saba, sai ga wata da'ira a tsakiyar allo da rubutu wai a dubi kyamara. Ta duba. Kwamfutar ta yi kukan akuya. Ta gyara ɗankwali ta sake dubawa, akuya ta sake amsawa. Ta kira Iliyasu, ya ɗauka cikin hayaniyar motoci.

"Au, na manta ban gaya miki ba! Sabuwa ce, fuska take ganewa. Yanzu ɓarawo ko ya ɗauka aikin banza."

"Fuskar wa?"

"Tawa."

"To fuskar taka tana ina yanzu, maigida?"

"Akwai kod, lambar sirri ta ko-ta-kwana."

"Faɗa mini."

"Ai don kada in riƙa wahalar tuna kod na sa ta."

Ta ɗauko hotonsa na aure ta kara wa kyamarar, aka ce ya ƙifta ido. Suka gwada kiran bidiyo, rezo, wato layin sadarwa, ya daskarar da shi baki buɗe, akuya ta yi kuka. Ga gobe ranar kasuwa, ranar da matan ƙauye ke cika mata tsakar gida.

Abin da ya fi damunta ba kasuwar ba ce, wan mijinta ne, Alhaji Yahaya mai hatsi. Gidansu ɗaya, kuma in Iliyasu ba ya nan shi ne mai faɗa a ji. Tun farko ba ya son sana'ar nan. Ya ce gida ya koma tasha, mata na shiga suna fita, kiɗa na tashi. Kafin Iliyasu ya tafi ma ya ce bana a kawo masa na'urar ya kulle a ɗakinsa sai damina, ƙanen ya yi ta ba shi haƙuri. Yana jin kwamfutar ta kulle kanta, shi ke nan ya samu abin da yake so, matan unguwa kuma su san inda za su nufa.

Faccalarta Zulaiha, matar Alhajin, ita ta kawo shawarar da Salamatu ta so a ce ba ta ji ba.

"Ke, ba kamarsu ɗaya da Iliyasu ba? Baƙi ma rikita su suke yi. A nuna mata Alhaji mana."

Salamatu ta dafe ƙirji. Mutumin da ko sunansa ba ta faɗa, wanda in ta ji takunsa take shigewa ɗaki, shi za ta kira ya zo ya leƙa abin da ya tsana? Ta kwana tana juya maganar. Da safe mata suka fara sallama da wayoyinsu a ƙulle a bakin zane, ta ga babu mafita, ta ce wa Zulaiha ta je.

Alhaji Yahaya ya shigo fuska a murtuke. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ɗora kwamfutar a kan turmi, Salamatu ta laɓe bayan labule tana aiko da bayani ta bakin Zulaiha. Ya dubi kyamara. Akuya.

"Ni take yi wa haka?"

"A ce wa Yaya ya yi haƙuri ya cire hula," in ji murya daga bayan labule, can ƙasa-ƙasa.

Ya cire, yana huci. Akuya. Nan Salamatu ta tuna halin mijinta: ba a taɓa ɗaukar Iliyasu hoto bakinsa a rufe ba. Ta runtse ido, ta yi ta maza.

"A ce wa Yaya... wai sai ya yi murmushi."

Alhaji Yahaya, wanda masu awo a kasuwa ke cewa ba su san launin haƙoransa ba, ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa.

"Zulaiha, ɗauko abin nan ki kai ɗakina. Na gaya muku tun farko."

Sai dai a cikin matan akwai Maryama, taubashiyarsa daga Dawce, wadda ta zo a kwashe mata muryar ɗanta. Ita ba ta tsoronsa, wasa ke tsakaninsu tun suna tsirara.

"Ku ƙyale shi," in ji ta. "Murmushin ma a buhu ya zuba ya ɗinke, yana jira ya yi tsada ya fitar."

Mata suka toshe baki. Alhaji ya juyo zai rama, dariya ta kubce masa, daidai fuskarsa na saitin kyamara. Allo ya washe, sai ga muryar Iliyasu ta cika gida: "Barka da zuwa, mai gida ran gida!"

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Ya shafa gemu, ya sa hula, ya fita bai ƙara maganar ɗaki ba.

Salamatu ba ta bari kwamfutar ta rufe ido ba har ta sallami mace ta ƙarshe. Bayan la'asar ta zauna ta tumɓuke manhajar fuskar da akuyarta, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta rabu da masifa.

Washegari da hantsi tana tankaɗe ta ji gyaran murya a ƙofar sashenta. Ba wanda ya aika a kira shi. Alhaji Yahaya ne, har ya sake riga.

"A fito da ordinater ɗin, kwamfutar nan, ina sauri. Na gaya wa mutanen majalisa ba mai buɗe ta duk garin nan sai ni. Tunda amana ce ta hau kaina, ta zauna inda take, a ci gaba da aiki."

Salamatu ta tsaya da rariya a hannu. In ta ce ta goge, ta kunyata shi a gaban majalisa, na'urar kuma ta koma ɗakinsa. Ta dubi Zulaiha, Zulaiha ta dubi sama. Don haka ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora kwamfutar a kan turmi, ta danna maɓalli ta koma bayan labule. Alhaji ya cire hula da kansa, ya gyara zama, ya washe haƙora har kunne. Kwamfutar ta buɗe, yadda za ta buɗe wa kowa.

"Kin gani? Yau ko gardama ba ta yi ba," in ji shi, yana karkaɗe riga. "Gobe war haka ki shimfiɗa tabarmar tun kafin in iso."