"Da Sauƙi" Ta Kusa Kashe Ni

Ke da ke kwance kina cije baki kina ce wa mutane da sauƙi, tsaya ki karanta.

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Aiki aka yi mani.

Zazzaɓi ya fara, ciki ya biyo. Duk wanda ya shigo gaida ni a Gangara, da sauƙi nake ce masa, yadda aka yi mana tarbiyya. Maigida ya gaskata ni. Motocin da sojoji ke rakawa Sakkwato suka tafi ba mu.

Ranar da cikin ya sandare, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. A asibitin kusa, likita ya ce, "Hajiya, taifot ya huda hanji. Nan ruwa kawai za mu iya sa maki."

Ga ƙofa buɗe, ba inda za ni. Ina kwance ina jiran rakiya ko ajali, duk wanda ya riga. Tsoro ya hana ni ko addu'a.

Ɗiyata Rabi ta riƙa karanta mani wani tsohon littafi, labarin mutumin da ya fita neman farin ciki har ya koyi karɓar mutuwa. Na ce ta rufe. Shi ai yana da hanyar fita.

A gadon kusa da ni akwai Goggo Dije, tsohuwar Bafulatana daga Turba, likkafaninta cikin ƙwarya ƙarƙashin gado. Ita ba ta ɓoye komi. "Yau ya fi jiya zafi," take ce wa nas. Ta raba wa jikoki shanunta da baki, ta yafe wa kowa.

Ta ce mani, "Ni an gwada, magani ya ƙi, za ni da sanyin rai. Ke ko gwadawa ba ki bari an yi ba. Wanga ba haƙuri ba ne, ɗiyata."

Ta cika bayan azahar, tana kalmar shahada. Allah Ya jiƙanta.

Da rakiya ta samu, aka kai ni Sakkwato. Hoto, ƙarin jini, tiyata. Ragon layya da geron rumbu suka tafi a magani. Yau ina tafiya da ƙafata. Alhamdulillahi. Likitoci, Rabi, masu addu'a, Allah Ya saka.

Zazzaɓi in ya ƙi sauka, a gwada jini tun hanya tana buɗe.

A gidana kuwa na kafa doka: wanda aka tambaya jiki, ya nuna inda ke ciwo tukuna. Bayan nan ya ce da sauƙi.